Gem ya kai ni Polan ta shekarar 966, taswira kuma ta kusa kunyata ni

Ƙarfe 2 da wani abu na dare, an daɗe da ɗauke wuta, cajin laftof saura kashi 11, ni kuwa ina zaune a bakin katifa ina lissafin wadda zan aura wa ɗana: ɗiyar sarkin Hangari ko ƙanwar mai mulkin Bohemiya. Abokin ɗakina ya farka, ya leƙo allon, ya ga taswira ja da kore da ruwan ƙasa, ya ce, "Malam, wai kai ba ka da tes gobe ne?" Ina da shi, ƙarfe 8 na safe ma kuwa. Yadda muka ƙare da tes ɗin zan gaya maka can gaba, don ba abin alfahari ba ne.

Ba ni da ɗa, ko aure ban yi ba. Ɗan na cikin Crusader Kings ne, wani gem da kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya yi. Idan ka saba da PUBG ko ƙwallo a waya, wannan wata duniya ce daban. Babu gudu, babu harbi. Taswira ce kawai a gabanka da kwanan wata yana tafiya a hankali. Kai ne mai sarauta, za ka yi aure, ka haifi magada, ka lallaɓa hakimanka kada su yi maka tawaye, ka tara haraji, in ta kama ka yi yaƙi. Ka mutu, sai ka ci gaba da wasa a matsayin magajinka, ko da kuwa sakarai ne. Na fara shi ne a dogon yajin aikin jami'o'i na 2022, lokacin da zaman gida ya ishi kowa. Na zaɓi Polan ba don komai ba sai don na gan ta a tsakiyar taswira, tsakanin Jamusawa da Rus, na ce bari in ga ko zan rayu a nan.

Kafin wannan, abin da na sani game da Polan bai wuce Lewandowski ba. Kai ma ina jin haka ne.

Mutumin Andalus da ya fara ba da labarinsu

Abin da ya fara kama ni shi ne wannan: ɗaya daga cikin bayanai mafi tsufa game da ƙasar Polan da Larabci aka rubuta shi. Wajen shekarar 965 wani matafiyi Bayahude daga garin Tortosa a Andalus, Ibrahim ibn Yaƙub, ya ratsa tsakiyar Turai har birnin Prag. Ya kawo labarin wani mai mulki a arewa, Mieszko, da ake furtawa Miyeshko. Ya ce ƙasarsa tana da faɗi, ga abinci da nama da zuma, kuma yana da dakaru 3,000 masu sulke da yake biya daga harajin da yake karɓa, har in an haifa wa ɗayansu ɗa ko 'ya yakan yanka wa jaririn nasa kason.

Ainihin rubutun Ibrahim ya ɓata. Abin da ya tsira ya tsira ne saboda Al-Bakri, masanin nan na Andalus, ya kwafe shi a littafinsa Al-Masalik wal-Mamalik wajen 1068. In ka yi tarihi a sakandare, sunan nan ba baƙo ba ne a kunnenka. Shi ne dai Al-Bakrin da ya ba da labarin daular Gana ta dā da sarkinta Tunka Manin da zinariyarsa. Wato littafi ɗaya ne ya riƙe farkon tarihin Polan da wani babban yanki na tarihin Afirka ta Yamma, kuma marubucin bai taka ko ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ba, yana zaune a Andalus yana tattara labarin matafiya. Ranar da na gano haka na kasa barci, wannan karon ba don gem ba.

Har yau masu tonon kayan tarihi a Polan suna cin karo da tarin dirhamin azurfa na ƙarni na 10, da rubutun Larabci a jiki, mafi yawa bugun daular Samaniyawa ta tsakiyar Asiya. Ba kyauta aka kawo su ba. Fatu aka saya da su, da kuma bayi. Wannan ɓangaren gem ɗin ba ya nuna maka shi sosai.

A 965 Mieszko ya auri Dobrawa, gimbiya Kirista daga Bohemiya, a 966 kuma aka yi masa baftisma. Daga wannan shekarar mutanen Polan suke ƙirga tarihin ƙasarsu. Duk wanda ya buga irin waɗannan wasanni zai gane lissafin nan take: ka karɓi addinin maƙwabtanka masu ƙarfi, ka raba su da hujjar kawo maka yaƙi, ka kuma samu suruki mai dakaru. Ko akwai imani a ciki, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa.

To ina iyakar take?

Nan ne na yi abin kunya. Bayan 'yan watanni ina wasa, kaina ya fara girma. Na ɗauki hoton allon gem ɗin a farawar 1066, na bi layukan da wata manhajar zane, na shafa launi mai kyau, na rubuta a sama cewa ga Masarautar Polan a 1066. Na saka a wani zaure na masu son tsofaffin taswirori. Aka fara dangwala min alamar so, ina ta murmushi. Sai wani ɗalibi ɗan Polan ya zo da tambayoyi biyu, cikin ladabi ma kuwa. Ta farko: wane sarki ke nan a 1066? Boleslaw na Biyu, wanda gem ɗin ya ba ni a matsayin sarki, sai a 1076 aka saka masa kambi, kafin nan mai mulki ne kawai ba tare da kambi ba. Ta biyu ita ce ta kashe ni: wannan layin da ka ja a tsakiyar daji, wa ya gaya maka nan yake?

Ba ni da amsa. Gem ne ya gaya min. Ni da ake koya wa a aji kullum cewa ɗan jarida ba ya buga abin da bai tantance ba.

Da na koma bincike sai na tarar ashe babu wata taswirar Polan da aka zana a zamanin Mieszko ko jikokinsa. Duk wadda ka gani a intanet, zanen mutanen baya ne, suna haɗa guntayen shaida. Babbar shaidar ita ce wata takarda da ake kira Dagome iudex, ta wajen 991, inda Mieszko ya saka ƙasarsa ƙarƙashin kariyar Fafaroma, ya zayyana iyakokinta da baki: daga teku, a bi gefen ƙasar Prusawa, zuwa Rus, zuwa Krakow, zuwa kogin Odra, a zagayo a dawo. Ita ma ainihin takardar babu ita. Taƙaitawa ce ta tsira, wadda aka kwafa a Rum kusan shekara 100 bayan haka, kuma mai kwafar bai ma san su waye mutanen ba. A bayanin da ya ƙara ya yi hasashen ko mutanen tsibirin Sardiniya ne! Sunayen garuruwan duk sun karkace a alƙalaminsa. Gniezno, babban birnin Mieszko, ya koma wani abu kamar Schinesghe. Akwai wani wuri a jerin mai suna Alemure da har yau masana ke jayayya a kan ko ina ne. Ita kanta Krakow ana gardama ko tana ciki ko a bakin iyaka take, domin Ibrahim ibn Yaƙub ya lissafa ta ne a hannun mai mulkin Bohemiya.

Ka ga ke nan layin nan siriri mai kyau da muke gani, a ƙasa ba layi ba ne. Daji ne mai tafiyar kwanaki, ko fadama, ko kogi, wanda mutanen cikinsa wataƙila bana su biya haraji ga wannan, baɗi ga wancan, wata shekarar kuma su ɓuya kowa ya rasa. Ikon sarki yana da kauri a kusa da garuruwa masu ganuwa, yana sirancewa yayin da kake nisa, kamar sabis ɗin waya in ka bar gari.

Taswirar farko mai ma'ana da ta ambaci garuruwan Polan ma daga wajen Musulmi ta fito. Al-Idrisi ya kammala aikinsa a Sisili a 1154 don Sarki Roja na Biyu, kudu a sama, arewa a ƙasa, ya kawo sunayen garuruwa irin su Krakow da Gniezno. Wanda ya zauna ya warware waɗannan sunaye daga Larabci shi ne Tadeusz Lewicki, malamin jami'a a Krakow, kuma shi ne dai ya rubuta littafi a kan abincin mutanen Afirka ta Yamma a zamanin dā bisa rubuce-rubucen Larabawa, wanda ya fito da Turanci a 1974. Af, ka san ana koyar da Hausa a Jami'ar Warso? Ana yi, shekaru da dama ke nan. Su sun san da zamanmu.

Rabon gado

Duk mai buga Crusader Kings yana da abu ɗaya da ya tsana: dokar rabon gado. Ka sha wahala shekara 40 kana haɗa ƙasa, ka mutu, gem ya yayyanka ta ya raba wa 'ya'yanka maza, kowa ya ja nasa, washegari su fara yaƙar juna. Na sha zagin masu gem ɗin a kan wannan, ina cewa mugunta ce kawai. Ashe tarihi suka kwafa.

Boleslaw na Uku, wanda ake wa laƙabi da mai karkataccen baki, ya san zafin rikicin 'yan uwa, don shi da kansa ya sa aka makantar da ɗan ubansa Zbigniew a kan mulki. Da zai mutu a 1138 sai ya bar wasiyya don kada 'ya'yansa su maimaita. Ya ba kowanne yanki: babban ya samu Silesiya, wani Mazobiya, wani yankin Poznan, wani Sandomierz. Ya kuma ce wanda ya fi shekaru a gidan shi zai riƙe Krakow ya zama babba a kan sauran. A takarda tsari ne mai kyau. Shekara 8 kacal aka yi, a 1146 ƙannen suka kori babban wan daga ƙasar. Ƙaramin cikinsu, Kazimir, wanda ba a ba shi komai a wasiyyar ba, shi ne daga baya ya hau kujerar Krakow a 1177. 'Ya'ya suka haifi jikoki, kowa ya sake raba nasa, Silesiya kaɗai ta dagargaje zuwa ƙananan sarautu barkatai. Sai a 1320 aka sake naɗa sarkin da ya haɗa mafi yawan ƙasar, Wladyslaw da ake wa laƙabi da ɗan kamu ɗaya saboda gajartarsa. Shekara 182 ke nan daga wasiyyar.

Idan kana son gwada haƙurinka a zanen taswira, gwada Polan ta 1250. Ni na gwada, na bari.

Cikin wannan rarrabuwa abubuwa biyu suka faɗo musu. A 1241 Mongol suka shigo, suka ƙone Krakow, suka karya rundunar Henri na Biyu a Legnica ranar 9 ga Afrilu, suka sare masa kai. An ce matarsa ta gane gawar ne da yatsu 6 da yake da su a ƙafar hagu. Mongol dai sun zo sun wuce. Na biyun ne ya zauna.

Wajen 1226 Konrad, mai mulkin Mazobiya, ya gaji da hare-haren Prusawa, wata ƙabila mai addinin gargajiya a arewacinsa. Sai ya gayyato mayaƙan Tiyuton, ƙungiyar Jamusawa masu yaƙin addini, masu farar alkyabba da baƙin gicciye, ya ba su yankin Chelmno su zauna su tsare masa iyaka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Suka cinye Prusawa, suka kafa ƙasarsu ta kansu, a 1308 kuma suka ƙwace Gdansk da kisan jama'a, suka toshe wa Polan hanyar teku.

A gem akwai wani maɓalli da nake so: ka tura malamin fadarka ya ƙirƙiro maka takardar da ke nuna cewa garin maƙwabcinka gadonka ne, don ka samu hujjar yaƙi. Na ɗauka barkwanci ne. To, takardar da Sarkin Sarakuna Frederik na Biyu ya ba mayaƙan Tiyuton a kan ƙasar Prusawa tana ɗauke da shekarar 1226, amma masana da dama suna ganin wajen 1235 aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Polan ta nemi haƙƙinta. Kotu ta je. A 1339 alƙalan Fafaroma suka zauna a Warso, lokacin tana ƙaramin gari, suka saurari shaidu sama da 100: limaman coci, manyan gari, mayaƙa. Babu wanda ya shimfiɗa taswira a tebur. Tambayar mutane aka yi, me ka gani, me ubanka ya gaya maka, wa ke naɗa masu mulki a can, ina ake kai kuɗin coci. Daidai yadda ake rikicin gona a gaban mai gari, a kira dattawa su nuna inda tsohuwar kuka take. Polan ta yi nasara a shari'ar, amma hukuncin bai yi aiki ba. A 1343 Kazimir Babba ya haƙura da yankin Gdansk a yarjejeniyar Kalisz, ya karɓo wasu yankuna biyu, ya juya ga gina ƙasa: ganuwoyi da gidajen sarauta na jan bulo, dokoki a rubuce, kuɗin shiga daga ramukan gishiri na Wieliczka da Bochnia, da jami'ar Krakow a 1364. A gem, irin wannan sarkin shi ake cewa mai gundura. A tarihi shi kaɗai ne sarkin Polan da ake kira Babba.

Grunwald, da Musulmin da ke filin

Kazimir ya mutu a 1370 ba ɗa namiji na halal. Bayan 'yan shekaru kambin ya faɗa kan wata yarinya 'yar kimanin shekara 10, Jadwiga, da ake furtawa Yadwiga. A 1384 aka naɗa ta, kuma da laƙabin sarki aka naɗa ta, ba sarauniya ba, don a nuna ita ce mai mulkin ba matar mai mulki ba. A 1386 aka aurar da ita ga Jogaila, mai mulkin Lituweniya, ƙasa ta ƙarshe a Turai da ke kan addinin gargajiya. Ya karɓi Kiristanci, ya zama Sarki Wladyslaw Jagiello. Da aure ɗaya taswira ta canza fiye da yadda yaƙi 10 zai canza ta, kuma mayaƙan Tiyuton suka rasa hujjarsu ta cewa suna yaƙar marasa addini ne. Idan kana buga Age of Empires II, ƙarin da aka fitar a 2021 mai suna Dawn of the Dukes yana da jerin yaƙoƙi a kan Jadwiga.

Ranar 15 ga Yuli 1410 aka gwabza a Grunwald. Kafin nan rundunar Polan ta tsallake kogin Wisla a kan gadar jiragen ruwa da aka harhaɗa tun da wuri a ɓoye, ta haɗu da ta Lituweniya ƙarƙashin Vytautas. Da safiyar yaƙin shugaban Tiyuton, Ulrich von Jungingen, ya aika wa Jagiello takubba 2 tsirara, wai ko zai samu ƙarfin halin fitowa. Kafin faɗuwar rana shi da mafi yawan manyan ƙungiyarsa suna kwance matattu. A tsakiyar yaƙin dakarun Lituweniya sun ja da baya sannan suka dawo, kuma har gobe ana musu: gudu ne na gaske ko dabara ce irin ta Tatar?

Tatar ɗin kuwa suna wurin. Musulmi ne, ƙarƙashin Jalaluddin ɗan Tokhtamysh, suna yaƙi a ɓangaren Polan da Lituweniya. Vytautas ya zaunar da Tatar a ƙasarsa tun ƙarshen ƙarni na 14, zuriyarsu kuma ba ta ƙare ba. A gabashin Polan yau akwai ƙauyuka biyu, Kruszyniany da Bohoniki, da tsofaffin masallatan katako da maƙabartun Musulmi. Don haka in ka ga wani ya saka hoton Grunwald yana cewa yaƙin addini kaza da addini kaza ne, ka tambaye shi waye a wane ɓangare. Kiristoci ne suka yaƙi Kiristoci, da Musulmi a gefe ɗaya.

Ga kuma inda gem ke yaudara. A gem, in ka share rundunar abokin gaba haka, ka ci yaƙi, sai ka zaɓi garuruwan da kake so. A zahiri Jagiello ya kewaye Malbork, hedikwatar Tiyuton, wani ƙaton gini na jan bulo, kusan wata 2, ya kasa shiga, ya janye. A sulhun Torun na 1411 ƙasa kaɗan ce ta sauya hannu. Abin da ya karya ƙungiyar shi ne kuɗin fansa mai nauyi da aka ɗora mata. Malbork ɗin da takobi ya kasa ci, a 1457 sojojin haya da ƙungiyar ta kasa biya albashi suka sayar wa sarkin Polan da shi. Gdansk da yankinta sai a 1466 suka dawo.

In kuma Europa Universalis IV kake bugawa, ka taɓa tambayar kanka me ya sa yake farawa ranar 11 ga Nuwamba 1444, kuma ka tarar da Polan babu sarki? Domin ranar 10 ga wata aka kashe Wladyslaw na Uku, ɗan shekara 20, a yaƙin Varna da Turkawan Usmaniyya ƙarƙashin Sultan Murad na Biyu. Ba a ga gawarsa ba. Kujerar ta zauna ba kowa har 1447.

Me ya sa suke ɗaukar abin da zafi

Da farko na yi mamakin yadda ɗalibin nan ya damu da layi ɗaya a zanen wani ɗan Najeriya. Daga baya na gane. Ƙasarsu ta ɓace daga taswira ɗungurungum daga 1795 zuwa 1918, shekara 123, Rasha da Prusiya da Ostiriya sun raba ta. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma, a 1945, aka ɗauke ta aka matsa da ita yamma: gabashinta ya tafi ga Tarayyar Sobiyat, aka ba ta yankunan Jamus, aka kori miliyoyin Jamusawa daga gidajensu, aka kawo 'yan Polan da su ma aka tayar daga gabas. Breslau ta koma Wroclaw, Danzig ta koma Gdansk. Gwamnatin kwaminis ta lokacin ta kira wuraren yankunan da aka dawo da su, hujjarta kuwa taswirar zamanin Mieszko da 'ya'yansa, wadda ta yi kama da Polan ta yau. Gaskiya ne Silesiya ta taɓa zama tasu. Gaskiya ne kuma ta bar hannun sarakunan Polan tun ƙarni na 14, kusan shekara 600. Wace shekara za ka zaɓa ka zana? Wanda ya zaɓi shekarar, ya riga ya zaɓi wanda zai yi nasara a gardamar.

Har a Wikipedia ta Turanci sai da aka yi ƙuri'a a 2005 a kan sunan birni ɗaya, bayan dogon faɗa. Aka tsaya a kan a ce Danzig in ana maganar 1308 zuwa 1945, a ce Gdansk kafin nan da bayan nan.

Yanzu ka tuna taswirorin da ke yawo a Facebook da X a nan gida. Daular Sakkwato da launi ɗaya shar daga nan har can, ko Kwararrafa, ko Borno, ko Hausa Bakwai da layuka kamar an ja da rula. Ƙarƙashinsu kuma zagi ne tsakanin matasa, wannan ya ce kakanninku bayinmu ne, wancan ya ce ba a taɓa cin garinmu ba. Ban ce ƙarya ne duka ba. Amma yawancinsu ba su da shekara, ba su da sunan wanda ya zana, kuma launi ɗaya yana haɗe garin da sarki ke kwana da dutsen da dakarunsa ba su taɓa hawa ba. Wasu ma, wallahi, na gane su: daga gem aka yanko su. Kano da Katsina da Zazzau duk suna cikin Europa Universalis IV, kuma a Crusader Kings III za ka iya farawa a 867 da Daurama ta Daura. Abin daɗi ne ka ga sunan gida a wasan da duniya ke bugawa. Sai dai mutanen da suka ja layukan suna Stokholm, kuma aikinsu shi ne wasa ya yi daɗi, ba a yi musu rantsuwa a kotu ba.

In kana son shiga

Maganar kuɗi tukuna. Crusader Kings II kyauta ne a Steam tun 2019, kuma tsohuwar laftof tana iya ɗaukarsa, sai dai ta yi zafi kamar dutsen guga. Na ukun yana son inji mai ƙarfi. In waya kaɗai gare ka, Medieval II: Total War ya fito a Android da iPhone a 2022, akwai Polan a ciki, amma na saye ne kuma yana cin wuri. Sauke su yana shan data, ka nemi inda ake da intanet na kyauta ko ka jira garaɓasar dare. Bayan ka sauke ba ka buƙatar data don wasa kai kaɗai.

Zanen taswira kuwa ba ya buƙatar ko sisi. QGIS kyauta ce, Inkscape ma haka. Tsofaffin taswirori suna nan a Old Maps Online da tarin David Rumsey. Shawarar da ɗalibin nan ya ba ni ita nake bi har yau: fara da koguna, don su ba sa ƙarya sosai. Sannan ka saka garuruwan da ka tabbatar da su a shekarar da ka zaɓa, ɗigo ɗigo. Iyaka ita ce ta ƙarshe, kuma inda shaida ta yi rauni ka bar launin ya dusashe, kada ka ja layi. Masana tarihi na Polan da suka yi babban kundin taswirorin ƙasarsu na ƙarni na 16 sun kwashe shekaru da dama suna bin rajistar haraji ƙauye bayan ƙauye. Kai da ni ba za mu gama namu a daren Asabar ba.

Sai batun tes. Na makara, na shiga da ido ja, na rubuta abin da ni kaina ban gane ba, ƙarshe sai da na maimaita kos ɗin. Waɗannan wasanni ba su da inda ake cewa an tashi. Kullum saura shekara 5 ka ga yaron ya girma, saura yaƙi ɗaya, sai ka ji kiran assalatu. Yanzu na cire gem ɗin daga laftof duk lokacin da samista ta kai mako na 8, ina mayar da shi ranar da na ajiye biro. Abokin ɗakina ne ke riƙe da filashin.

Taswirar da nake kai yanzu ta 1410 ce, hanyar da rundunar Jagiello ta bi daga gadar jirage zuwa Grunwald. Ina cikin neman tsohuwar taswirar da zan jingina da ita na ci karo da labarin Bernard Wapowski, abokin Kopernikus, wanda ya buga babbar taswirar Polan a Krakow a 1526. Kusan duka kwafinta sun salwanta. A 1932 aka tsinci guntayenta a cikin bangon wasu tsofaffin littattafai, inda wani mai ɗinkin littafi ya yi ciko da su. A 1944 guntayen suka ƙone tare da Warso. Hotunan da aka ɗauka kafin yaƙin su ne suka rage, kuma su na sauke jiya da daddare, da ragowar data ta megabait 40.